Ƙwallon taswira na sefa 14,000 da tekun da taswirar bango ke yankawa biyu

Abokan aiki da iyayen yara sun yi ta tambayata game da ƙwallon taswirar duniyan nan da suke gani a kan teburina, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ga amsata a rubuce, domin wanda ke da niyyar saye ya san abin da zai ɗauko. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan Kuseri, a arewacin Kamaru, da yamma kuma yaran unguwa sukan taru a zaurena mu yi bitar darasi. Da kuɗin aljihuna na saye shi, a wani shagon littattafai da kayan makaranta kusa da babbar kasuwar Injamena. Alhajin shagon ya sa masa sefa 18,000, muka yi ciniki ya sallama a 14,000. Na roba ne, faɗinsa santimita 30, yana zaune kan baƙin gindi a ɗan karkace yadda duniya take, da rabin zobe mai lambobin digiri a gefensa. Rubutun jikinsa duk Faransanci ne. A cikinsa akwai ƙwan fitila, da waya mai shiga soket.

Kwalliya ta biya, kuma dalili guda ne ya sa na ce haka. Taswirar bangon da ke rataye a azuzuwanmu ta ajiye Afirka da Turai a tsakiya, ta yanka tekun Pasifik gida biyu, ta liƙa tsiri ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Yaron da ya girma yana kallonta zai ɗauka tekun nan ɗan shuɗin gefe ne da aka sa don ƙawata takarda. A kan ƙwallon kuwa, in ka juya shi har tsibirin Tahiti ya fuskance ka, sai ƙasa ta ɓace maka. Ruwa ne ta ko'ina, sai gefen nahiyar Amurka can a dama, Ostareliya kuma tana leƙowa daga hagu. Girman tekun nan ya kai murabba'in kilomita miliyan 165, ya fi duk busasshiyar ƙasar duniya in an tattara ta wuri guda. Na sha faɗin wannan adadi a aji, yara su rubuta, su manta. Ranar da suka ga shuɗiyar fuskar nan, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nan ba kowa ke nan?" Na ce mata akwai mutane, kuma kakanninsu sun riga jiragen Turawa isa can da ɗaruruwan shekaru, a wasu wuraren ma da dubbai. Tun daga ranar, darasin yadda ɗan Adam ya kai tsibiran teku ya zama wanda yara ke roƙo a maimaita, kuma da shi na auna kayan nan, kyansa da aibinsa.

Inda ya fi kowace taswirar takarda shi ne wajen awo. Takarda tana buɗa wasu wurare ta matse wasu, ƙwallo kuwa ma'auninsa ɗaya ne a ko'ina. Faɗin duniya wajen kilomita 12,700 ne, nasa kuma santimita 30, saboda haka kowace santimita a jikinsa ta yi daidai da kilomita 425 ko kusa da haka. Zaren ɗinki da rula kawai ake bukata. Yaro ya danne bakin zare a ɗigon Injamena (Kuseri ba ta samu ɗigo ba, amma kogi ne kawai tsakaninmu), ya ja zuwa Duwala, ya ɗora a rula: santimita 2 da rabi. Ya ja zuwa Makka: bai cika 7 ba. Sai in ce ya auna daga Hawayi zuwa Tahiti. Santimita 10 ne, fiye da kilomita 4,000, kusan duka ruwa tsantsa. Yaranmu sun san nisan Makka, domin a gidajensu akwai labarin kakannin da suka bi ta Abeche suka shiga Sudan a ƙasa, suka yi shekara da shekaru a hanya. Da suka ga zaren Tahiti ya zarce na Makka sosai, ba sai na ƙara wani bayani ba.

Aibin da ya fi damuna shi ne launin tekun. Shuɗi iri ɗaya aka shafa daga gaɓa har tsakiya, ba a bambanta wuri mai zurfi da marar zurfi ba. Ga mai koyar da wannan darasi babban rashi ne, domin farkon labarin a kan zurfin ruwa ya tsaya. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya ruwan teku ya ja baya, kuma lokacin da abin ya fi tsanani, wajen shekara 20,000 da suka wuce, ya sauka da kusan mita 120. Sumatra da Java da Borniyo duk sun haɗe da Asiya, da ƙafa ake zuwa. Ostareliya da Niyu Gini da Tasmaniya su ma ƙasa ɗaya ce. Amma tsakanin manyan ƙasashen nan biyu akwai tsibiran da ruwan kewayensu ke da zurfin da bai taɓa ƙafewa ba. Mashigin da ya raba Bali da Lombok siriri ne, duk da haka damisar Asiya mai zane ta zauna a Bali ba ta taɓa ƙetarawa Lombok ba. Mutum ya ƙetare. Aƙalla shekara 50,000 da suka wuce akwai mutane a Ostareliya, wasu masana ma, bisa abin da aka tono a Madjedbebe a arewacin ƙasar, sun kai abin 65,000. Ko ta ina suka bi sai sun ratsa ruwa sau da yawa, kuma a ciki akwai tsallake mai kusan kilomita 90. A jikin ƙwallon milimita 2 ke nan, yaro sai ya matso kafin ya gani, amma mutanen sun tsallake shi ne da kayan aikin dutse, kuma maza da mata ne masu yawa, tunda har suka kafa zuriyar da ta ɗore. A kogon Jerimalai da ke Timor an sami ƙasusuwan kifin tuna masu shekara 42,000, kifin da ke yawo a buɗaɗɗen teku.

Tunda masana'antar ba ta nuna zurfin ba, ni nake zana tsohuwar gaɓar da alƙalamin farin allo. Robar tana karɓar zanen, kuma ɗanyen tsumma yana goge shi tas bai bar tabo ba. Wannan na yaba masa.

Daga Niyu Gini mutanen nan sun kai tsibiran Bismarck wajen shekara 40,000 da suka wuce, suka kai Buka a arewacin tsibiran Solomon wajen 30,000, daga nan tafiya ta tsaya na dubban shekaru. Dalilin tsayawar yana fitowa fili a ƙwallon. Har ƙarshen Solomon ɗige-ɗigen a kusa da juna suke, mai tsaye kan tudun wannan tsibiri yakan hango wancan. Daga nan sai fili ya buɗe.

Kullum sai yaro ya tambayi irin jirgin da suka hau. Na wancan zamani ba su saura ba, itace da gora ruɓewa suke. Amma a 2019 wasu masana na Japan sun sassaƙa kwale-kwale daga gungume guda da gatarin dutse, mutum 5 suka tuƙa shi daga Taiwan zuwa tsibirin Yonaguni, fiye da kilomita 200 cikin awa 45, suna yanka ɗaya daga cikin magudanan teku mafi ƙarfi a duniya, don su gwada yadda mutanen shekara 30,000 da suka wuce suka isa tsibiran kudancin Japan. A wannan gaɓa nakan juyo ƙwallon zuwa gida. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da kwale-kwalen maɗaci mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma a zamaninsa Tabkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Cikin ɗalibaina akwai waɗanda iyayensu ke su a Darak da Bulangwa, garuruwan yankin tabkin, ina son su san cewa sassaƙar jirgi tsohuwar sana'a ce a wannan yanki namu.

Kashi na biyu na labarin shi ne inda kayan nan ya nuna amfaninsa sosai. Wajen shekara 4,000 da suka wuce wasu manoma masu jirage suka taso daga Taiwan suka sauka Filifin, daga nan suka bazu cikin tsibiran Indunisiya. Jirginsu dabam ne. Sukan ɗaura gungume a gefen kwale-kwale da sanduna don kada ya kife, ko su haɗa kwale-kwale biyu da dandamali a tsakani, su kafa saƙaƙƙiyar tabarma iska ta riƙa tura su. Tun wajen shekara 3,500 da suka wuce wasunsu sun kai tsibiran Mariyana, tsallaken fiye da kilomita 2,000. Wasu suka bi ta arewacin Niyu Gini suka zauna a Bismarck, inda suka cuɗanya da mutanen da suka tarar. Masu tono suna bin sawunsu ta tsingaron tukwane masu adon ɗige-ɗige da aka danna da ƙaramin hatimi mai haƙora, waɗanda ake kira Lapita, da sunan wurin da aka tono su a Sabuwar Kaledoniya a 1952. Cikin 'yan ƙarnuka suka wuce inda na farko suka tsaya, suka zauna Vanuatu da Sabuwar Kaledoniya da Fiji, suka kai Tonga da Samowa wajen shekara 2,800 da suka wuce. Tsakanin Vanuatu da Fiji akwai wajen kilomita 800 na ruwa. Duk waɗannan sunaye suna jikin ƙwallon, kuma a inda ya kamata su kasance, na bi su da littafin taswira na tabbatar.

A Tonga da Samowa tafiya ta sake tsayawa, fiye da shekara 1,500. Sannan tsakanin shekarar 1000 da 1300 miladiyya jikokinsu suka mamaye sauran tekun: tsibiran Cook, Tahiti da maƙwabtanta, Markesas, Hawayi can arewa, Rapa Nui can gabas, Niyu Zilan can kudu. Niyu Zilan ce babbar ƙasa ta ƙarshe da mutum ya zauna, wajen 1250 zuwa 1300, a ƙarnin da Mai Dunama Dabbalemi ya yi sarautar Kanem. Ɗaya daga cikin hujjojin wannan lokaci ɓera ne. Ɓera ba ya iyon kilomita 3,000, a jirgin mutane ya zo, kuma tsoffin 'ya'yan itatuwa masu shaidar haƙoransa da aka gwada shekarunsu sun nuna wajen 1280. Zuwan mutanen ya yi wa tsibirin tsada: manyan tsuntsayen nan marasa tashi da ake kira mowa sun ƙare cikin ƙasa da shekara 200.

Nakan sa yara uku su riƙe zare, ɗaya ya danne Hawayi, ɗaya Rapa Nui, ɗaya Niyu Zilan. Kusurwa uku ke fitowa, kowane gefe wajen kilomita 7,000, kuma duk mutanen ciki harsunansu 'yan uwan juna ne na kusa. A taswirar bango wannan ba ya yiwuwa sam, domin Niyu Zilan tana can ƙarshen dama, Hawayi da Rapa Nui suna ƙarshen hagu. Ko wannan kaɗai ya ishe ni dalilin sayen ƙwallon.

Tambayar da ta fi zafi ita ce ko da niyya suka je ko iska ce ta ɓatar da su. Wata yamma kakan ɗaya daga cikin yaran, tsohon masunci da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kogin Logone, ya zo ɗaukar jikansa ya tarar muna kan maganar, sai ya zauna a bakin tabarma yana sauraro. Can ya ce, "Malam, ta ina iska ke zuwa a wannan ruwa?" Na ce, "Baba, yawancin shekara daga gabas take kaɗowa." Ya ce, "Su kuma ina suka dosa?" Na ce gabas. Ya gyaɗa kai ya ce, "To da niyya suka fita. Mu ma in za mu nemi sabon wurin kamu, sama muke tuƙawa da safe, mu yi gaba da ruwa tun hannu na da ƙarfi. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, ruwan da kansa zai mayar da mu gida."

Abin da masana da yawa suka tsaya a kai ke nan. Matuƙan sukan jira 'yan kwanakin da iska ke juyawa ta taso daga yamma, su fita nema gabas, da sanin cewa in ba su ga ƙasa ba iskar gabas za ta dawo ta kai su gida. An yi jayayya kafin a kai nan. A shekarun 1950 wani marubucin tarihi ɗan Niyu Zilan, Andrew Sharp, ya dage cewa tafiya mai nisa haka ba ta yiwuwa da gangan in babu kayan awo, ɓata ce kawai ta kai su. A 1973 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da kwamfuta, aka saki dubban jiragen lissafi su bi iska da ruwa ba matuƙi, aka ga da wuya ƙwarai irin wannan yawo ya kai mutum Hawayi ko Niyu Zilan ko Rapa Nui. Kayan da suka ɗauka ma shaida ne. Wanda ya fita su iska ta kwashe shi ba ya tafe da irin gwaza da doya da ayaba da rake da kwakwa, da kaji da karnuka da aladu, da mata da yara. Mai ƙaura ne ke irin wannan lodi.

A 1976 aka raba gardama a kan ruwa. Mutanen Hawayi suka ƙera jirgi mai kwale-kwale biyu irin na kakanninsu, Hokule'a, suka nemo matuƙi daga ɗan tsibirin Satawal a Maikuronesiya, Mau Piailug, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ilimin bai ɓace musu ba. Ya kai su Tahiti cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, ba kamfas, ba taswira, ba na'urar awo. Ya haddace inda taurari ke fitowa da inda suke faɗuwa a gefen sama, in wannan ya yi sama ya bi na bayansa, har gari ya waye. Da rana yana karanta manyan raƙuman ruwan da ke tasowa daga nesa ta fuska ɗaya kwana da kwanaki, yana jin yadda suke bugun jirgi. Kusa da ƙasa kuma akwai tsuntsayen da ke fita kamun kifi da safe su koma tsibiri da yamma, da gajimaren da ke tsayawa cik a kan tudu alhali sauran na tafiya. A wajen tafsiri muna jin cewa Allah ya sanya taurari don a gane hanya da su cikin duhun tudu da na teku, kuma duk lokacin da na kai nan a darasi sai abin ya ratsa ni.

Rabin zoben digirin nan da na ambata yana da aiki a nan. Tsayin tauraron arewa daga gefen sama daidai yake da nisan wurin da kake daga layin tsakiyar duniya. Kuseri tana kan digiri 12, saboda haka in sama ta yi garau yara sukan fita tsakar gida su same shi ƙasa-ƙasa ta arewa. A Hawayi yana wajen digiri 20. Mai tafiya kudu zai ga yana sauka dare bayan dare har ya nutse, Tahiti kuma tana wajen digiri 17 kudu da layin. Yaro ya ɗora yatsa a zoben ya bi lambobin, sai ya gane yadda mutum zai san inda yake da ido kawai. Lambobin an buga su da kyau, ba su goge ba har yanzu.

Akwai wani labari da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba na tsallake shi. A 1947 Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya ɗaure gumagumai ya taso daga Peru, ya yi kwana 101 a teku har ya faɗa wani tsibiri a Tuwamotu, don ya nuna cewa daga Kudancin Amurka aka zauna tsibiran. Harshe da tukwane da gwajin jini duk sun nuna asalin mutanen daga ɓangaren Asiya yake, don haka ra'ayinsa bai tsaya ba. Sai dai an yi cuɗanya: dankalin nan mai zaƙi da muke dafawa asalinsa Amurka ne, kuma yana tsibiran tun kafin zuwan Turawa, wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2020 kuma ya gano jinin mutanen Kudancin Amurka ya shiga na wasu tsibiran gabas wajen shekarar 1200. To wannan Heyerdahl, da ya so ƙetare tekun Atilantika a 1969 da jirgin ciyawar ruwa, Tabkin Chadi ya zo neman gwanaye. Buduma ne suka ɗaure masa jirgin a Masar, da ciyawar da aka kawo daga Tabkin Tana na Habasha, kuma ɗan Chadi Abdullah Djibrine yana cikin waɗanda suka hau. Suka taso daga Safi a Moroko, suka yi kusan wata biyu a teku, jirgin ya fara wargajewa kafin su kai Barbados. Hannun mutanen tabkinmu ne ya ɗaure abin da ya ci mafi yawan faɗin Atilantika. In na ja zaren daga Safi zuwa Barbados, yaran da suka saba ganin irin wannan jirgi a bakin tabki sukan miƙe tsaye don su gani da kyau.

Aibi na biyu shi ne ƙananan tsibirai da yawa babu su. Satawal babu. Yonaguni babu. Rayateya, garin Tupaia, matuƙin da ya shiga jirgin Kyaftin Cook, Baturen Ingila mai binciken teku, a 1769 ya zana masa tsibirai masu yawa daga ƙwaƙwalwarsa, har ya yi masa tafinta da mutanen Niyu Zilan, ita ma babu. Na san ƙwallo mai santimita 30 ba zai ɗauki kome ba, amma an ɓata wuri da manyan haruffan sunan teku da hoton tambarin masana'anta a daidai inda tsibirai suke. Na yanka 'yar farar takarda mai gam na liƙa waɗanda nake bukata. Rapa Nui tana nan, da sunanta na Faransanci, ɗigo guda cikin shuɗi. Girmanta murabba'in kilomita 164 ne, in da za a zana ta bisa ma'aunin gaskiya da ba ta kai milimita ɗaya ba. Tsakaninta da gaɓar Chile fiye da kilomita 3,500, tsakaninta da Pitcairn, tsibiri mafi kusa mai mutane, wajen 2,000. An same ta wajen shekarar 1200, aka zauna, aka sassaƙa manyan gumakan dutse kusan 900, kuma sai a 1722 jirgin Turawa na farko, na Jacob Roggeveen ɗan Holan, ya iso ya tarar da gari.

Madagaska kuwa ta fito da kyau, kuma ita ce ke ba yara mamaki fiye da kome. Tsakaninta da Mozambik santimita 1 ce, kilomita 400. Tsakaninta da Borniyo santimita 17, fiye da kilomita 7,000. Amma harshen Madagaska ɗan uwan harsunan kudu maso gabashin Borniyo ne, na yankin kogin Barito, musamman na mutanen Ma'anyan. Dangin waɗancan matuƙa ne suka iso wajen shekara 1,300 zuwa 1,500 da suka wuce, da shinkafarsu da kwale-kwalensu mai gungume a gefe, suka gauraya da mutanen da suka ƙetaro daga gaɓar Afirka. Sai ka riƙe Madagaska da hannun hagu, Rapa Nui da na dama, ka ga dangin harshe guda sun rungume fiye da rabin kewayen duniya. A namu ɓangaren, Bioko da ke kilomita 32 daga gaɓar Kamaru tana da mutanenta, Bubi, tun da daɗewa, Sawo Tome kuwa ba kowa a cikinta lokacin da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470.

Saura maganar ƙarko. Ƙwallon rabi biyu ne aka haɗa, aka rufe mahaɗar da siririn tef a kan layin tsakiya. Zafin watan Afrilu na nan garin ya sa gam ɗin ya saki, tef ɗin ya fara ɗagowa ta wajen Indunisiya, sai da na bi shi da gam na takalmi. Kada a bar shi kusa da taga ko a ɗakin kwano da rana tsaka. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramin sama inda yake juyawa har ya fara ƙara, saboda haka uwargida ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Gindinsa ba shi da nauyi, in yaro ya juya da ƙarfi sai ya tuntsure, kuma dunƙulen da ke riƙe zoben yana kwancewa, sai ana ɗaurewa. Fitilar ciki tana da kyau da dare in akwai wuta, amma ƙwan da ya zo da shi mai zafi ne, yana ɗumama robar, na canza shi da ƙaramin ƙwai marar zafi. Tabkin Chadi kuma an zana shi da girmansa na shekarun 1960, lokacin da ya kai murabba'in kilomita 25,000, yaranmu kuwa sun san ba haka yake ba yau.

Shagon ba ni da ƙorafi a kansa. Alhaji ya buɗe kwali ya bar ni na jujjuya kayan son raina, yaronsa ya jona fitilar na ga tana kamawa, ya kuma ɗaure mini kwalin da igiya yadda zan riƙe shi a bayan babur har na ƙetare gadar Ngeli. Wanda zai saya ya duba mahaɗar tsakiya, domin cikin waɗanda aka nuna mini akwai wanda rabinsa na sama bai hau daidai kan na ƙasa ba, Borniyo da Sumatra sun gurɗe, kuma layin tsakiyar ta kansu ya bi. Ya duba ko akwai Sudan ta Kudu, in babu to bugun kafin 2011 ne. Na roƙi Alhaji ya nemo mini irin mai santimita 40 wanda ke nuna zurfin teku da launi dabam-dabam, ya ce in ya yi odar kayan komawa makaranta zai sa a ciki, amma in shirya ninkin wannan kuɗi ko fiye. Na ce ya kawo, malaman sashenmu za mu haɗa kuɗin.